Feshi a Ɗakin Baba

Ɗakin da na ba Baba shi ne mafi kyau a gidana, kuma har gobe ba wanda zai ce mini ba haka ba ne. Yana jikin zaure, in zai fita masallaci ba sai ya ratsa tsakar gida cikin mata ba. Ƙasansa siminti ne, sama kwano da silin. Aibinsa ɗaya ne: ƙofarsa da taga ɗaya suna kallon gabas, kuma duk wanda ya yi damina a Kurfi ya san daga can hadari yake tasowa. Mai waldar da ya yi tagogin, tun maigidana yana da rai, don ɓarawo ya yi su, bai yi su don ruwa ba. Ƙarfe ne mai kauri da sakata ƙatuwa, amma in ka rufe, tsakanin marfin da bakin tagar yatsa yana shiga.

Baba ya dawo wurina ne shekarar da Inna ta rasu. Zaman ƙauyenmu, can bayan Birchi, ya yi wuya, gwiwoyinsa kuma sun ƙi noma. Cikin 'ya'yansa mu biyu ne masu gidan kanmu: ni, da babban wanmu da muke kira Yaya, wanda yake aikin ofis a Kaduna. An taɓa kai Baba can neman magani, ya zauna a bene, ya dawo a rame. Ba yunwa ba ce, matar Yaya ba ta da rowa ko kaɗan. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ce masa an yi ruwa a gonar wane, ba a yi a ta wane ba. A Kurfi kuwa, ranar kasuwa zaurena cika yake da mutanen ƙauyenmu, manoma da masu shanu, kowa da labarin da ya kawo. Baba yana zaune kan buzu yana yanke hukunci a kan gonakin da ba zai sake takawa ba, kuma ranar har tuwo yakan nemi ƙari.

Ruwan farko na shekarar da nake ba da labari ya zo da la'asar, da iska mai ƙarfi. Ina can ina fama da shanya da awaki, shi kuma yana kishingiɗe. Feshi ya shigo ta tagar gabas ya jiƙa katifa, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙyaure ya kwanta a tsakar ɗaki. Baba mutum ne da ba ya son ya sa kowa aiki, sai ya juya katifar ya kwana a kan danshi, bai faɗa wa kowa ba. Ba a jima ba tari ya kama shi, daga nan sai ciwon haƙarƙari. Muka yi kwanaki a asibiti a Dutsin-Ma kafin Allah ya ba shi sauƙi.

Ranar da aka sallame mu Yaya ya iso. Ya gaida Baba, ya tsaya yana kallon shaidar ruwa a jikin bango, sannan ya yafito ni zuwa tsakar gida.

"Ke, nan kika aje shi?"

"Nan na aje shi, Yaya. Nan kuma ka iske shi bara, ka ce ɗakin ya yi."

"Bara ba a kai shi asibiti ba. In ya ƙara jin ƙarfi zan dawo in tahi da shi."

"Ka tambaye shi?"

"Wannan ba abin tambaya ba ne. Ubana ne."

Na ce nawa ne ni ma, kuma ɗaki in yana shan ruwa gyara shi ake yi, ba tsohon ake kwashewa ba. Sai ya ce to, zai turo wanda ya san aiki ya yi ƙiyasin abin da gyaran zai ci. In abu ne mai yiwuwa kafin ruwa ya zauna, shi ke nan. In ba mai yiwuwa ba ne, kada in sake buɗe baki. Na amsa, don a lokacin na ɗauka maganar ruwa muke yi.

Wanda ya turo mai aikin alminiyam ne daga Dutsin-Ma, mutum mai ladabi, ya zo a kan babur da tef ɗinsa na ƙarfe. Bai ko kalli wuraren da ruwa ke shiga ba. Ya auna faɗin taga da tsawonta gaba ɗaya, ya auna ƙofa, ya ce za a fasa bango a cire komai, a sa tagogin gilashi masu zamewa da raga, a sa ƙofar ƙarfe mai roba a jikinta. Ya fita waje ya kira Yaya ya faɗa masa kuɗin, tunda shi ya aiko shi, sannan ya dawo ya faɗa mini. Da na ji, na lissafa keken ɗinkina, na haɗa da awakina duka, na ga ko an sayar ba su kai ba. Ban zarge shi ba. Abin da yake da shi a shago ya tallata, kuma na ba shi ruwa ya sha kafin ya tafi.

Da yamma Yaya ya kira ni. Muryarsa a sake take, irin ta wanda ya sauke kaya.

"Kin ji dai da kunnenki. Ni ba ni da kuɗin da zan zuba a gidan mutane."

Gidan mutane. Gidan da ni da 'ya'yana muka gada, wanda na ƙarasa shafensa da kuɗin allura da zare bayan rasuwar ubansu. Raina ya ɓaci ƙwarai. A nan na gane cewa tsadar nan daɗi ta yi masa, da ma ita yake nema.

Na ce, "To, ni ma zan yi nawa ƙiyasin."

Ya yi dariya. "Ke kin ɗauka riga ce?"

"Riga ce, Yaya. A ɗinki ta ɓarke, kai kana cewa a sayo sabuwa."

Ya ce zai zo ƙarshen wata, in shirya wa Baba kayansa. Na ce Allah ya kawo shi lafiya, na kashe wayar kafin in faɗi abin da ba a faɗa wa wa.

Ni tela ce, tun ina budurwa nake kan keke. Ban san aikin ƙarfe ba, amma na san awo, na kuma san ba a sayen yadi sai an ga jikin da za a rufe. Washegari da rana ta take, na ɗauki tef ɗina na ɗinki da alli da ƙyallaye na shiga ɗakin Baba. Na ce ya koma zaure, ya ce ba inda za shi, ɗakinsa ne. Na rufe ƙofa da tagogi biyun, muka zauna cikin duhu. Da idona ya saba, sai ga haske yana nuna kansa: siriri a gefen wannan marfi, mai faɗi a ƙasan wancan, ga wani a tsakiya inda marafan biyu suke haɗuwa. A ƙarƙashin ƙyaure kuwa kwaɗo zai iya shiga bai sunkuya ba. Har wata tsaga na gani tsakanin ƙarfen taga da bango, wadda ban taɓa sanin tana nan ba. Duk inda haske ya shigo na bi shi da alli.

Tsawo ba shi da wuya, tef ya ba ni. Kauri ne abin dubawa, don in roba ta yi siriri ba ta tsare komai ba, in ta yi kauri marfi ba zai rufu ba. Sai na riƙa ninka ƙyalle ina cusawa. Inda ninki ɗaya ya kama na sa alama ɗaya, inda sai na ninka sau huɗu na sa huɗu. Kowace taga ta ci wajen yadi biyar in an haɗa da tsakiyarta. Ƙofa, gefe biyu da sama, ta ɗan fi haka. Ƙasanta na ware shi daban, don can faffaɗar roba ake so wadda za ta riƙa sharar ƙasa. Na haɗa, na ƙara yadi biyu saboda kusurwa da ɓatan yanka, kamar yadda nake yi wa kowace atamfa. Na rubuta a bayan ƙyaure da alli.

Baba yana zaune a bakin gado yana kallona. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini.

"Uwata, gambun ga na icce ne," ya ce, yana nuna ƙyauren da sandarsa. "Yanzu ya rame. In marka ta zauna ƙiba zai yi. In kika cika mashi roba, ran nan sai an kira masu gatari su hiddo ni."

Gaskiya ya faɗa. Na goge alamar gefen ƙofa na rage, na bar mata sarari irin wanda nake bar wa mai ƙaramin ciki a riga. Na ji daɗi har cikin raina, na ce ashe tsohon yana tare da ni a wannan yaƙi. Ban gama jin daɗin ba ya sake ɗaga sandar, wannan karon ya nuna tagar gabas.

"Waccan kuma ki hidda ta cikin lissahi."

"Baba, ai ita ce mai laifin. Ita ta kai ka asibiti."

"Na sani. Ki bar ta."

Na tambaye shi dalili. Ya ce ta nan yake sanin ruwa. In hadari ya haɗu, iskar da ke shigowa ta ƙasan tagar ita ke gaya masa ko na shuka ne ko na yaudara, ko ya riga ya zuba a wani wuri kafin ya iso. Tun yana yaro da hanci yake noma kafin ya ɗauki fartanya. Yanzu ba fartanya, hancin ne ya rage.

Na ce, "Saboda wannan tagar za a ɗauke ka a kai ka Kaduna. Ka gane ko? Ni ina nan ina faɗa da Yaya a kanka, kai kuma kana taya shi."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Akwai ɗakin da ke jirana wanda iska ba ta shiga ko ta ina. Ba sai kin yi mani gaggawar shi ba."

Na fita na bar shi. Na zauna a kan keke na yi kuka, kuma ba na tausayi ba ne, na haushi ne. Maza biyu, ɗaya a Kaduna ɗaya a cikin gidana, kowa ya kafe, ni ce a tsakiya da alli a hannu. Na rantse a raina ba wanda zai ci ni a cikinsu. Ina zaune ina harar wani guntun tamfol da ya rage daga rumfar da na taɓa ɗinka wa mai shayi, sai dabara ta zo. Gefe uku na tagar da tsakiyarta zan liƙe su da roba, ba shawara. Ƙasan kuwa, inda ya fi faɗi, zan ɗinka doguwar jaka siririya ta tamfol, in cika ta da rairayi, in sa mata hannu. In ya so ya cusa ta, in ya so ya zare.

Na koma na faɗa masa. Na ce sharaɗina ɗaya, in ya gama shaƙar iskarsa, ruwa ya fara sauka, ya mayar. Ya ce, "Mu gani." Bai yi alkawari ba, ni ma ban jira ba, na kira maƙwabciyata muka ja gadon muka mayar da shi jikin bangon yamma, inda ko tagar a buɗe take feshi ba zai kai ba. Ya yi ta mita wai an juya masa ɗaki, na yi kamar ban ji ba.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma na shiga mota da awona a kai. Na fara da masu kayan gini. Akwai wani soso siriri da ake sayarwa a naɗe, da gam a bayansa, an yi shi musamman don wannan aiki. Na matsa shi da yatsa, na tambayi mai shagon ko zai jure rana a jikin ƙarfe. Mutumin kirki ne, ya ce, "Hajiya, a taga mai gilashi yana daɗewa. A irin taku ta walda, in rana ta gasa shi, gam ɗin sakin shi yake yi." Ga shi soso, ruwa zai sha ya riƙe. Ga shi kuma naɗi ɗaya ba zai ishe ni ba, sai uku. Na yi godiya na wuce.

Wurin mai faci na nufa, a bakin tasha. Abin da nake so tub ne, robar nan ta cikin taya. Ashe na mota ya yi wuya yanzu, yawancin tayoyin ba sa amfani da shi, ɗan wanda ake samu kuma masu guga da masu ɗaurin kaya sun riga kowa. Na babur ne tuli a gefe, duk faci a jikinsu. Ya dube ni ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina ja.

"Hajiya, guga za a yi?"

"Taga zan ɗinke."

Ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa. Na bar shi ya gama, sannan na auna zagayen tub ɗaya da tef, na auna faɗinsa in an tsaga shi. In na yanka shi a tsaye, faɗin yatsa biyu biyu, kowane zai ba ni tsiri uku masu kyau. Na babur siriri ne, inda alamata ta nuna kauri sai na ninka, don haka na ɗauki guda biyar maimakon huɗu. Sannan na hango wani guntun na babbar mota a ƙarƙashin bencinsa, mai kauri, daidai ƙasan ƙofa. Nan ne ciniki ya yi zafi, don ya ga idona ya tsaya a kai. Na ajiye komai na juya zan tafi, ya kira ni. Ya ce bai taɓa ganin mace ta taya tub kamar tana taya leshi ba, na ce yau ya gani.

Na sayi gwangwanin gam irin na masu gyaran takalmi, da ƙananan ƙusoshi. Marafan kwalba na roƙa wurin mai shagon lemo, don in ka buga ƙusa kai tsaye a roba yagewa take yi, amma in ta bi ta cikin marfi sai ta riƙe. Siminti kwano ɗaya na saya wurin magina a unguwarmu, na tsagar bango da ɗaga dokin ƙofa. Da na haɗa duka, har da kuɗin mota zuwa da dawowa, bai kai abin da nake karɓa a ɗinkin amarya ɗaya ba. Ban kira Yaya na faɗa masa ba, kuma ban nemi ko sisinsa ba.

Aikin bai tafi sumul yadda na tsara ba. Gam ya ƙi kama ƙarfe saboda tsatsa, sai da na kankare ko'ina da tsohuwar wuƙa, kuma gwangwani ɗaya bai isa ba, na sake aikawa aka sayo. Almakashina mai kyau, wanda ko 'ya'yana ba sa taɓawa, roba ta dakushe shi. Na buge babban yatsana da guduma har farcen ya yi baƙi. Matan unguwa suka riƙa leƙowa, wata ta ce ai da na kira kafinta, wannan aikin maza ne. Na ce mazan sun zo sun auna, sun tafi. Da na gama na sake rufe ɗakin da tsakar rana. Duhu ya yi sosai, ban da siririn layi a gefen ƙofa, wanda na bari da gangan.

Yaya ya zo ranar Asabar da hantsi. Ina ganin motar na san ba duba aiki ya zo yi ba. An shimfiɗa bargo a kujerar baya, an sa matashi, ga jaka babu komai a ciki ta zuba kaya. Ya shiga ya durƙusa ya gaida Baba. Na shigo bayansa na ce ya ba ni izini in rufe ƙofa ya gani. Na rufe. Bai kalli tagogin da suka yi ɗif ba, idonsa ya tafi kai tsaye kan layin nan na gefen ƙofa.

"Ga haske nan."

"Na ƙibar icce ne, in marka ta zo zai cike."

Ya ɗaga jakar tamfol da yatsa biyu ya sake ta. "Wannan ne gyaran? Tsumma da robar taya? A nan ubana zai yi damina?"

Na fita na ciko bokiti na dire a gabansa. Na ce ya fita waje ya watsa wa ƙofar da duk ƙarfinsa, in ruwa ya kai inda Baba yake, da hannuna zan haɗa kayan. Ya ce shi ba yaro ba ne da zai tsaya wasan ruwa. Na ce to ni yarinya ce. Na ɗauki bokitin na fita, na ja ƙofar, na sheƙa mata ruwan. Na sake cikowa na sheƙa wa tagar gabas, har zanena ya jiƙe. Da na buɗe na shigo, ruwa ya ɗan ratso ta kusurwar ƙasa, bai fi tafin hannu ba. Ba zan ce bai shiga ba, ya shiga. Yaya ya nuna shi da ƙafa.

Na sa gefen mayafina na goge shi sau ɗaya. Na ce, "Saura mi?"

Yaya ya janye ƙafarsa. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Ke ba ki jin abin da ake faɗi. Wajen ta'aziyya, a gaban mutane, wani dattijo ya tambaye ni wai gaskiya ne ubana na zaune gidan suruki, ni ina da gida? Mi zan ce mashi? Duk inda na shiga cikin 'yan garinmu sai na ga ana kallona."

Na tausaya masa a wannan lokacin, ba zan ɓoye ba. Na san irin kallon, an yi mini shi da na ƙi sake aure. A wurinmu uba wurin ɗa namiji yake tsufa, kuma Yaya bai taɓa gaza wa Baba da komai ba, kuɗin asibitin ma shi ya biya. Amma tausayin bai kai in ba shi tsohon ya tafi da shi don a daina kallonsa ba.

Na ce, "Surukin ya daɗe a ƙasa, Yaya, Allah ya ji ƙan shi. Shi dattijon da ya tambaye ka, ya taɓa kawo ma Baba ko goro ɗaya? Ka auno mani bakin nasu, ka gaya mani yadi nawa ne, robata ta yi saura."

"Ni kike gaya ma haka?"

"Kai nike gaya mawa."

Ya juya mini baya. Ya matsa gaban gado ya sake durƙusawa, ya ce, "Baba, ka tashi mu tahi. An gyara maka ɗaki a ƙasa, ba bene."

Duk wannan hayaniya Baba bai sa baki ba. Yaya ɗan fari ne, tsakaninsu akwai kunya, ko sunansa ba ya faɗa, ko idonsa ba ya cika kallo. Yanzu ma bango ya kalla.

"Allah shi yi maka albarka," ya ce. "Ka yi abin da ɗa ke yi. Mota ta zo har ƙohwar gida, duk unguwa sun gani. In an tambaye ka, ka ce tsohon ne ya ƙiya. In ka so ka ce ya rikice, bai san abin da yake yi ba. Ni zan ɗauki zancen, ba kai ba."

"Baba..."

"Ka tashi, hanya da nisa."

Yaya ya tashi. Na riga na dafa masa shinkafa da zabuwa, na ce ko loma ɗaya ya yi. Ya wuce ta gabana kamar ba a yi magana ba. Na bi shi har zaure, na ga ya buɗe ƙofar baya ya naɗe bargon ya tura shi gefe, sannan ya shiga gaba ya ja motar. Da na dawo na tarar Baba ya kwanta ya juya fuskarsa bango. Ranar bai ci komai ba, ni ma ban matsa masa ba.

Marka ta zo, ƙyauren ya yi ƙiba fiye da yadda muka zata, sai da na ƙara rage robar da reza. Baba yana zare jakarsa in hadari ya taso, wani lokaci ya mayar, wani lokaci ya manta ko ya yi kamar ya manta, in shigo in goge ƙasa ina faɗa yana jina. Katifar dai ba ta sake jiƙa ba, tarin kuma bai dawo ba. Ranar kasuwa zaure yana cika kamar kullum.

Yaya yana zuwa gaida shi, yana aiko da kuɗin magani a kan lokaci. Ni ce dai ba ya gani. In mun haɗu a zaure ya ce sannu, in ce sannu, shi ke nan. Mutumin da ya koya mini hawan keke a bayan gari, wanda ya sayar da agogonsa ya cika mini kuɗin keken ɗinkina na farko. Abin yana cina, wani lokaci ina cikin ɗinki sai in ga zare ya ƙare ban sani ba. Tun da aka haifi 'yan matansa ni nake yi musu ɗinkin Sallah, kafin azumi ya kama, direban motar Kaduna yake kawo mini atamfofin a leda. Wannan shekarar na jira har azumi ya raba, ba a kawo ba.

Na buɗe akwatina na ciro atamfa cikin nawa, na yanka da awon bara, na ƙara tsawo don yara ne masu tasowa. Na ɗinka, na goge, na ba direban. Ba a dawo da su ba, ba a kuma kira an ce an gani ba. Da daddare kafin in rufe gida na leƙa Baba na faɗa masa na aika. Ya ce na kyauta, sannan ya tambaye ni ko na yi nadama. Na ce ya gama cin tuwonsa ya ba ni kwanon, da safe akwai masu zuwa gaishe shi daga ƙauye.